Telan da ba shi da keke: abin da na koya wajen yi wa ƴan PES jesi

Ni fa ba da niyyar koyon wani abu na fara harkar zana jesi a cikin gem ɗin ƙwallo ba, surutun kwastomomi ne ya ishe ni. Lokacin ina tsare wa yayana shagon gem ɗinsa, PS4 biyu da talabijin biyu da benci, kullum in aka kunna PES 2017, gem ɗin ƙwallo na kamfanin Konami, sai wani ya ce wai ina Man U, a nuna masa Man Red ya ce shi bai san wannan kulob ɗin ba. Chelsea ita ce London FC, Man City Man Blue, Real Madrid kuwa MD White aka sa mata, jesin ma ba nasu ba ne. Dalili dai lasisi ne, Konami sai kulob ɗin da suka yi yarjejeniya da shi suke iya sa sunansa da tambarinsa, shi ya sa Barcelona da Arsenal da Liverpool suna nan cas a wannan shekarar, sauran kuwa sai kame-kame. Su ma ƴan FIFA, ɗaya gem ɗin ƙwallon, sun ɗanɗana, a FIFA 20 Juventus komawa ta yi Piemonte Calcio, ranar mun yi musu dariya har muka gaji.

Gyaran wannan ba wuya. Ka samo fayil ɗin da wasu suka haɗa a intanet, ka buɗe folda a filash ka sa mata suna WEPES da manyan baƙaƙe, ka zuba komai a ciki, ka soka a PS4 ka shigo da su ta wajen gyaran ƙungiyoyi, shi kenan. Data kawai yake ci da haƙuri. Inda aiki ya fara shi ne ranar da wani yaro ya ce min, yaya to ina Pillars? Ai kuwa nan take shago ya ɗauka. Ƙungiyar da ta ci kofin ƙasar nan a 2008, ta dawo ta jera uku a 2012 da 2013 da 2014, a ce babu ta a gem ɗin da ake bugawa a garinta. Na ce ku ba ni sati ɗaya. Wata guda na yi.

Wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka zana riga ake yi yadda take a jikin mutum. Ina! Hoto ne guda ɗaya mai kusurwa huɗu, 1024 a 1024 ko 2048 a 2048, a cikinsa an shimfiɗe komai kamar an farke rigar an baza ta a ƙasa, ga gaba ga baya ga hannuwa ga gajeren wando ga safa, kowanne da gurbinsa, wasu a kwance wasu a juye, gem ɗin ne yake ɗauka ya naɗe wa ɗan wasa a jiki. Na farkon da na yi a manhajar zane ta GIMP, don laftof ɗina ba ta jure Photoshop, a fuskar kwamfuta wallahi kamar ka saya ka sa. Da na shigar cikin gem sai ga rubutun hannun riga ya kalli sama, ratsin gefe ya zo hammata ya karkace bai haɗu da ɗan uwansa na baya ba, bajin ƙirji kuma ga wani farin akwati ya kewaye shi saboda JPG na ɗauko, ban san sai PNG mai bayan da babu komai ba. Yara suka ce ɗinkin Sallah ne na daren Idi.

Telan da ke jikin shagonmu, dattijo ne sa'an babanmu, shi ya warware min matsalar ratsin ba tare da ya taɓa riƙe hannun gem ba. Ya leƙo karɓar cajar waya ya tarar ina ta tsaki, na nuna masa, ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo sannan ya ce, ɗana ai wannan yanka ne, kuma kai ka fara ado kafin ka yi awo. Ya ce shi in zai ɗinka yadi mai ratsi, alli yake sa wa a inda gaba zai haɗu da baya tun kafin almakashi ya taɓa shi. Na ce Baba to ni ina zan samu alli a nan. Ya ce wannan kuma kai ka sani, ya ɗauki cajarsa ya fita.

Daren nan na yi allina. Na cika hoton gaba ɗaya da ƙananan gidaje kamar na dara, kowane gida da lambarsa da kalarsa, na shigar da shi a matsayin jesi, na sa ɗan wasa ya tsaya ina jujjuya shi ina rubutawa a littafi, gida kaza yana faɗowa a kafaɗa, kaza a hammata, nan wurin yana miƙewa nan yana matsewa. A nan na gane ƙirji da kafaɗa suna jan hoto, da'ira in ka zana ta daidai a can sai ta fito kamar ƙwai. Littafin yana nan har yau, ya yi baƙi da maiƙon hannu, kuma ya fi min duk bidiyon da na ƙona data na kalla, duk da ban raina su ba.

Wuta ma ta koya min nata karatun, sau ɗaya tak, aikin awa huɗu ya tafi don batirin laftof ɗin ya mutu tuni kuma ban adana ba. Yanzu ko layi ɗaya na ja sai na adana, kuma ina ajiye asalin fayil mai hawa-hawa daban da hoton da nake fitarwa, filash biyu.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai a gasar Sallah ya faru. Zuwa lokacin mun koma PES 2021 hannuna kuma ya faɗa, har na yi jesin Super Eagles na 2018 mai zigzag ɗin nan na Nike, wanda aka yi ta layi a Landan don saye, kowa ya yaba kaina ya kumbura. Sai muka ce kowace ƙungiyar unguwa da ta shiga gasar a yi mata jesinta a cikin gem. Na zauna na zuba fasaha, wata na yi mata kore mai duhu da zanen dagi siriri a cikin yadin wanda sai ka matso da kyamara sosai za ka gan shi, wata ja mai duhu da aiki a wuya kamar na babbar riga, kwana uku na yi a kan wuyan nan kaɗai.

Aka zo wasan kusa da na ƙarshe, waɗannan biyun suka haɗu. Kyamarar wasa daga nesa take ɗauka, ɗan wasa a talabijin ɗinmu bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, dagina da aikin wuyana babu wanda ya gani, ni kaina ban gani ba. Abin da ake gani duhu biyu ne suna gudu a kan koriyar ciyawa. Wani abokinmu da kowa ya san gwani ne ya dinga ba abokan hamayya fasin, sau uku sau huɗu, ana ta ihu ana ce masa ya sayar da wasa, can ya ajiye hannun a benci ya ce shi wallahi duk ɗaya yake ganinsu. Muka ɗauka uzuri ne na wanda aka ci. Bayan an watse ya same ni ina rufe shago ya ce tun yana yaro ja da kore suna rikice masa, bai dai taɓa faɗa wa kowa ba don kar a mayar da shi abin tsokana. Kunya ta kama ni sosai. Daga baya na karanta cewa abin ya fi yawa a maza, gado ne, kuma ba makanta ba ce. Dokar ƙwallo ta 4 ma ta faɗa ƙarara, dole kalar ƙungiyoyin biyu ta bambanta da juna da ta alƙalan wasa, gola ma da tasa daban. Ni da nake ganin na ƙware ban taɓa tunanin dalilin da ya sa kulob yake da jesin gida da na waje ba, na ɗauka duk neman kuɗi ne. To akwai neman kuɗin, amma ba shi kaɗai ba.

Yayana bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, malam kai wa kake yi wa rigar nan, kanka ko masu biyan kuɗin wasa? Aka sake wasan washegari da fararen kaya a gefe ɗaya.

Tun daga nan tsarin aikina ya juye. Kafin in taɓa wani ado sai na zuba kalar zalla na shiga wasa na koma bakin ƙofa na tsaya, in ban bambance su daga can ba to ba ta yi ba. Ina kuma mayar da hoton jesi biyun baƙi da fari in ajiye su gefe da gefe, in haskensu ya zo ɗaya sai na canza guda, ko da kalolin a idona sun sha bamban. Lambar baya, wadda a cikin gem ɗin ake zaɓar kalarta ba a hoton ba, ita ma ban yarda da ruwan ɗorawa a kan fari ba ko mai ƙungiya zai yi fushi. Kowace ƙungiya riga biyu, mai haske da mai duhu, ba na karɓar aikin guda ɗaya.

Har yanzu PES 2021 muke bugawa a shagon, don eFootball da ya biyo baya a Satumbar 2021 bai zo da hanyar shigo da jesi ta filash ba. Shekarar ce kuma Ahmed Musa ya dawo Pillars, sai da na sake buɗe ƙungiyar na sa shi a gaba. Abokin nan namu yanzu shi nake fara kira in na gama sabon jesi, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya duba, ladansa wasa biyu kyauta. Satin da ya wuce ya mayar min da guda biyu.