Godiya ga duk wanda ya sa hannu a kwanan da yaranmu suka yi a Yankari

Assalamu alaikum iyayen yara, malamai da sauran 'yan'uwa.

Alhamdu lillahi, ɗalibanmu 'yan aji biyar da aji shida sun je Yankari, sun kwana, sun dawo gida lafiya. Babu wanda ya yi ko ƙwarzane, in ban da cizon sauro da ƙafafun da suka yi futu-futu da ƙura. Hajiya shugabar makaranta ta ce ni zan rubuta godiya a madadin malamai, tunda ni nake koyar da su kimiyya, kuma ni na tayar da maganar tun farko. Yaba kyauta tukwici. Ba zan ambaci suna ba, domin da yawa daga cikin waɗanda suka yi mana hidima sun roƙi kada a faɗa, amma kowa zai gane kansa.

Bayan godiyar Allah, ta farko ta iyaye ce. A wannan zamanin ba ƙaramin abu ba ne a ce wa uwa ta ba da ɗanta mai shekara goma ko sha ɗaya ya je ya kwana a daji. Ba mu manta Ƙanƙara ba a Disambar 2020, da Jangebe a Fabrairun 2021, da Kuriga a Maris ɗin 2024, inda har 'yan firamare aka kwashe. Ranar da muka kawo maganar a taron iyaye da malamai, wani uba ya miƙe ya ce, "Malama, wannan ilimin da za ku nemo a daji, ba za a iya kawo shi gari ba ne?" Wasu suka yi dariya, shi kuwa bai yi ba. Baba, tambayarka ce ta gyara mana shiri. Saboda ita aka tura malamai da wakilan iyaye suka fara zuwa suka duba wurin, aka tuntuɓi hukumomin da ya kamata, aka yanke cewa mota ba za ta yi tafiyar dare ba ko da me ya faru, kuma wasu iyaye maza da mata za su bi mu su kwana tare da yaran.

Ku kuma da kuka ce a'a, kuka bar 'ya'yanku a gida, babu wanda ya isa ya ga laifinku. Kowa ya san abin da zuciyarsa za ta iya ɗauka. Muna gode muku da ba ku zuga wasu su janye ba, kuma muna gode wa malamin aji huɗu da ya zauna da waɗannan yaran, ya fita da su bayan makaranta suka tattara ganyaye da 'ya'yan itatuwa, don kada su ji an bar su a baya.

Amsar da zan ba Baba ita ce: wani ilimin ana iya kawo shi gari, wani ba a iyawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo a firamare ya san yadda darasin kimiyya yake tafiya. Ka zana ma'aunin zafi da alli, yara su kwafa, su haddace cewa ruwa yana tafasa a digiri 100, zafin jikin mutum digiri 37 ne, su ci jarrabawa, alhali babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa riƙe ma'aunin a hannunsa. Ka rubuta cewa ciyawa abincin gwanki ce, gwanki abincin zaki ne, sai ka juyo ka ga rabin ajin ba su san ko gwanki tsuntsu ne ba. Ga jarrabawar shiga sakandare tana matsowa, ga manhaja da ake so a gama, ga mai tallan awara a bakin taga ana jiran ƙararrawar tara. Yaranmu ba daƙiƙai ba ne, haddarsu ma har tsoro take ba ni. Abin da ya yi musu ƙaranci shi ne damar su taɓa abu, su auna, su yi gardama a kansa.

Mun bar Bauchi bayan sallar Asuba, muka bi hanyar Gombe, muka karya a Dindima zuwa Mainamaji, inda ƙofar shiga take, a ƙaramar hukumar Alkaleri. Daga ƙofa zuwa sansanin Wikki akwai sama da kilomita 40 a cikin daji, kuma a nan yaran suka fara gane abin da ake nufi da faɗin murabba'in kilomita 2,244 da muka rubuta musu a allo. Godiya ga Alhajin da ya ba mu aron bas ɗinsa har da mai, da direbobinmu biyu da suka jure waƙe-waƙe da "Baba direba, mun kusa?" tun daga bakin gari. Sannunku da haƙuri.

Wata uwa ta tambaye ni dalilin da ya sa muka hana sa kayan makaranta. Kayanmu shuɗi ne, ƙudan tsando kuwa shuɗi da baƙi yake bi, kuma akwai shi a dajin. Shi ya sa muka ce a sa musu dogon hannu mai launin ƙasa.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai a bakin ruwan Wikki aka yi shi. Da rana, lokacin da zafi ya yi zafi, muka sa kowane yaro ya tsoma hannu ya rubuta abin da ya ji a littafinsa. Kusan duk suka rubuta ruwan da sanyi. Aka sa ma'auni, ya nuna digiri 31. Washegari da sanyin safiya, ana rawar ɗari, kowa ya ƙudundune a rigar sanyi, muka koma. Tururi yana tashi a kan ruwan. Suka tsoma hannu, sai ihu: "Malama, ya yi zafi! An dafa shi!" Wata yarinya har tana leƙen gindin dutsen da ruwan yake ɓulɓulowa, wai tana neman inda ake hura wutar. Aka sake sa ma'auni. Digiri 31. Gardama ta kaure, wasu suka ce ma'aunin ya lalace, sai da aka kawo na biyu ya faɗi abin da na farko ya faɗa. Na yi shiru na bar su. Can sai wani yaro, wanda a aji sai ka yi da gaske kake jin muryarsa, ya ce, "Ruwan bai canja ba, mu ne muka canja." Daga nan bayanin ya zo da sauƙi: fata ba ta auna zafi, kwatanta shi take yi da abin da ta saba da shi a lokacin, ruwan kuma daga can ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, inda zafin cikin ƙasa yake ɗumama shi, babu ruwansa da hunturu ko bazara. Ana ƙiyasta cewa kusan lita miliyan 21 ke fitowa kowace rana suna gangarawa kogin Gaji. 'Yan aji shida sun ɗauki wannan adadin za su lissafa ko jarka nawa ke nan ta 'yan garuwa.

Godiya ta musamman ga masu gadin daji da suka raka mu. Giwa dai ba mu gan ta ba, kuma tun a ƙofa suka gaya wa yaran gaskiya cewa wannan ba gidan zu ba ne, dabba ba ta zaman jiran baƙi. Mun ga gwambaza da mazo a kusa da kogi, mun ga zabin daji da burtu, gadu kuwa har cikin sansani yake yawo da 'ya'yansa. Amma babban cikin masu gadin ya tsayar da mota a inda garken giwaye ya ratsa, ya sauko da yaran ya nuna musu sawu. Ya sa aka zagaye sawun ƙafar gaba da igiya, aka ninka tsawon igiyar biyu, ya ce kusan tsayin giwar ke nan daga ƙasa zuwa kafaɗa. Da aka miƙe igiyar a jikin bishiya, malamin lissafi ya ɗaga hannu bai kai ƙarshenta ba. Sannan ya sa sanda ya farfasa kashin giwa, yara suna toshe hanci suna matsowa, ya nuna musu ƙwallayen 'ya'yan itatuwa da suka fito ba su narke ba, da buzuzu yana mirgina rabonsa. Ya ce haka giwa take shuka daji, ta ci a nan ta kai iri can da takinsa. Ya gaya musu tana ɗaukar ciki wata 22, shi ya sa in maharbi ya kashe ɗaya ba a mayar da gurbinta da wuri. Bai ɓoye musu cewa giwayen kan fita su yi ɓarna a gonakin ƙauyukan da ke kewaye ba, kuma manomin da aka cinye wa dawa yana da gaskiyarsa. Na ji daɗin wannan ƙwarai, domin yaro ya kamata ya san lamarin yana da fuska biyu.

Waɗannan mutane kwana suke yi a daji suna fuskantar masu farautar sata, a dajin da aka keɓe tun 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ga shi yana cikin 'yan wuraren da giwa ta rage a Najeriya. Duk da haka suka tsaya suna amsa wa yaro tambayar ko kada yana yin barci. Yallaɓai, Allah ya tsare ku, ya saka muku da alheri. Haka nan mai kula da ɗan gidan tarihin da ke sansanin, wanda ya nuna musu fatu da ƙasusuwa da tarkunan da aka ƙwace a hannun maharba.

Da dare Allah ya taimake mu hazo ya yi sauƙi. Wani tsohon ɗalibin makarantar nan, yanzu yana jami'a, ya aro mana na'urar hangen nesa ya biyo mu da ita a kan kuɗin motarsa. Ƙanena, Allah ya yi maka albarka. Bayan Magariba ya nuna musu Zara a yamma, ya ce ba tauraruwa ba ce, duniya ce mai zagaya rana kamar tamu, hasken rana take haskowa, kuma ita ce dai Gamzakin da ke fitowa da asuba a wasu watannin. Bayan Isha aka kashe tocila duka. Yaran gari ne, yawancinsu ba su taɓa ganin sama ba tare da fitilar maƙwabta da ƙarar janareto ba. Suka yi tsit kamar ruwa ya ci makaɗi. Suka nemo Kaza da 'Ya'yanta da kansu, aka gaya musu hasken da suke gani ya baro can sama da shekara 400 da suka wuce. Sai layi a bayan na'ura don ganin duniyar Mushtari da manyan watanninta huɗu, waɗanda Galileo ya fara hangowa a 1610. Iyayen da suka zo gadi su ma suka shiga layin, har wani yana cewa yara su yi haƙuri a bar manya tukuna.

Malamin addini ma ya shigo da nasa. Kafin sallah ya ba su kwamfas ya ce su nemo alƙibla, suka gano cewa daga nan ba gabas sak ba ce, ta ɗan karkata arewa. Allah ya gafarta Malam, mun gode.

Iyayenmu mata masu girki, Inna da abokan aikinta, sun tashi tun kafin kowa, sun yi shinkafa da wake da mai da yaji, da safe kunu da ƙosai. Burodin shayi ne kawai bai kai ga kowa ba, domin wani gwaggon biri ya sauko ya sure leda guda a gaban idonmu, ya hau bishiya ya zauna yana ci yana kallonmu. An gargaɗe mu a kansu, shi dai ya fi mu sauri. Na san wannan ne labarin da aka fara ba ku a gida, kafin na ruwa da na taurari. Godiya ga nas ɗin da ta bar aikinta ta biyo mu da akwatin magani, ta kwana a tantin 'yan mata, ta lallashi wadda kewar mamarta ta taso mata da tsakar dare. Godiya ga iyaye maza da suka raba dare a tsakaninsu suna zagaye tantuna, da wanda ya kawo gidajen sauro, da waɗanda suka biya wa marayu da 'ya'yan maƙwabtansu kuɗin tafiya a ɓoye. Ni kaɗai da ma'aji muka san ku, Allah kuma ya fi mu sani.

Tun da muka dawo ma'aunin zafin nan bai huta ba. Yaran sun auna ruwan randar da ke ofishin malamai, sun auna na bokitin roba da ke gefenta, sun ga na randa ya fi sanyi, suka zo suna neman dalili. Yanzu muna kan bayanin yadda ruwa ke tsattsafowa ta jikin yumɓu ya bushe ya tafi da zafi, kuma na ba su labarin Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya sa tukunya a cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Sun ce za su haɗa tasu. Duk mai tsohuwar tukunyar ƙasa da ba ya amfani da ita, babba ko ƙarama, ya taimaka ya aiko mana.

Muna roƙon iyaye, duk yaron da ya yi zazzaɓi a 'yan kwanakin nan a kai shi asibiti a gwada, a kuma gaya wa likita cewa ya kwana a daji. Akwai rigunan sanyi, da takalmi ƙafa ɗaya, da kwanon sha, da tocila da ba a san masu su ba, suna ofishin Hajiya. Ranar taron iyaye da malamai mai zuwa yaran za su baje littattafansu da zane-zanensu, su yi bayani da bakinsu, har da waɗanda suka tattara ganyaye a bayan makaranta. Muna gayyatar kowa.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya raya mana yaran nan, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.

Malamar kimiyya, a madadin shugabar makaranta da dukkan malamai.