An koma bakin aiki: godiyar kwamitin ma'aikatan shagunan gahawa ga jama'ar Zango

Assalamu alaikum jama'ar Nima, Mamobi, Sabon Zango da Madina. Alhamdulillahi, yajin aikinmu ya ƙare, an sa hannu a yarjejeniya da masu shaguna, an buɗe shaguna, kowa ya koma bakin aikinsa, ba wanda aka sallama. Yadda aka faro da yadda aka ƙare duk a idonku aka yi, mu kuma muryoyi sun dishe, don haka godiya kawai ta kawo mu.

Farkon godiya ga dattawan ƙungiyar ƙwadago, musamman 'yan reshen otal da gidajen abinci, da suka danne zuciyar matasanmu lokacin da kowa ke cewa a rufe shago gobe da safe. Su suka buɗe mana Dokar Ƙwadago ta Ghana ta 2003, wato Act 651, suka nuna cewa sai sulhu ya ci tura, a rubuta wa mai shago da Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa takardar sanarwa, a jira kwana 7 cif, sannan yajin aiki ya halatta. Wanda ya yi gaggawa ya fita kafin nan, doka ta ba maigida damar korarsa ba sanarwa, ko ya riƙe kuɗin kwanakin. Wanda ya jira kuwa, ba a isa a ɗauko sabbin hannu a cike gurbinsa ba. Su ne kuma suka sa kowa ya nemo bayanin asusunsa na SSNIT, wato hukumar fansho ta ƙasa, aka gwada da takardar albashi. A nan asiri ya tonu: ana cire kashi 5.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci duk wata, amma ko shi ko kashi 13 na maigida ba ya isa asusun. Ga masu wata shida da ɗoriya a wuri guda ana ce musu 'yan wucin gadi, alhali doka ta ɗauke su ma'aikatan dindindin.

Wata shawararsu da ta cece mu ita ce ta daren ƙarshe. Sun ce kada a bar shago sai an ƙirga buhunan gahawa, madara da suga a gaban manaja ya sa hannu, a wanke kan injin, a busa bututun tururi har ya fita tas, a kwashe ƙwayar da ke cikin injin niƙa, a kashe wuta da ruwa, a miƙa makulli da shaida. Madarar da ta kwana a bututu daskarewa take ta toshe shi, kuma da an tarar da haka, sunan da za a ba shi ɓarna da gangan.

Sai safiyar da motar 'yan sanda ta tsaya. Wani ya kai ƙara wai mun tare ƙofa. Dokar ta ce masu zaman yajin aiki su nisanci wurin aikin da aƙalla mita 10, kuma ba wanda ya auna. 'Yan matanmu har sun fara tattara takalma, wata uwa mai goyo jikinta na ɓari. Baba tela na tsallaken titi, wanda ko gaisuwa ba ta cika haɗa mu ba, ya baro kekensa da tef a wuya da allin yankan yadi a hannu. Ya ce wa babbansu, "Ranka ya daɗe, tef ɗina inci 60 ne, mita ɗaya da rabi ke nan, a ƙirga da ni." Ya durƙusa a kan kwalta, da gwiwar tsufa, ya shimfiɗa shi sau 7 daga bakin ƙofa, ya ja layi. Ashe bencinmu na baya da layin da taku biyu. 'Yan sanda suka duba, suka shiga mota. Daga ranar kullum da asuba sai ya sake zana layin kafin ya buɗe shagonsa. Baba, ka ce kada a ambace ka. Ka yafe mana, Allah ya haskaka maka kabari ranar da ba fitila sai aiki.

Hajiya mai waakye ta bakin tasha, wadda ta ware mana tukunyar farko kafin layi ya taru, da Magajiyar 'yan adashi da ta tsara rabon gwangwanin awo na olonka guda na shinkafa ga kowane gida mai yara, Allah ya yalwata muku. Direbobin motocin haya na tororo sun ɗauki masu riga da alamar kwamiti kyauta. Ma'aikatan otal sun riƙa zuwa bayan sun tashi aiki, domin doka ba ta yarda goyon baya ya tsayar da aikin gidan da mai goyon yake ba, kuma sun kiyaye. Limamanmu sun yi shela bayan Juma'a, kuɗi ya shigo ta MoMo, wato turin kuɗi ta waya, har daga Aboabo da Asawase a Kumasi, daga mutanen da ba su taɓa kurɓar gahawar shagon nan ba.

Akwai kuma 'yan uwa na jini da suka ce wai mai haɗa shayi ma har da yajin aiki, wayarsu ta mutu tun daga ranar. Jiya mun ga an fara kira. Mun amsa, zumunci ai ba a yanke shi.

Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri, ya jiƙan iyayenku, ya shirya zuri'arku, ya sa guminku ya zama halal mai albarka, ya raba ku da maigidan da ke cin haƙƙin ma'aikaci, ya ba masu shagunan ikon cika abin da suka sa wa hannu. Amin summa amin.

Littafin asusun taimako yana hannun ma'aji, shiga da fita duk a rubuce, mai son dubawa ya zo ranar Asabar bayan la'asar. Ma'aikata kuma kowa ya sake nemo bayanin SSNIT ɗinsa a ƙarshen wata mai zuwa ya kawo wa sakatare, don a tabbatar bashin baya ya fara shiga.