Indararon gidanka na ambaliya? Fita ka kalle shi lokacin da ake ruwan

Duk wanda ya zauna a Jos ya san ruwan garin nan ba ya sallama. Hadari zai taso ta wajen duwatsun Shere, kafin a gama kwashe shanya ya sauko, wani lokacin har da ƙanƙara, kuma tun Afrilu ake fara shi sai Oktoba ya ɗauke, a shekara muna samun wajen milimita 1,400, Yuli da Agusta kam kusan kullum ne. Toh a irin wannan garin ne za ka ga mutum ya kashe kuɗinsa ya sa indararo a bakin kwano, dogon nan na roba ko na langa-langa da ke tare ruwa ya kai shi fayif, amma da an fara ruwa sai ka ga yana tumbatsa ta sama, yana dukan bango, yana haƙa rami a gindin gini. Sai mai gida ya ce ai ruwan bana ne ya yi yawa, ko ya ce kafinta ya cuce shi. Wani ma ɓalle shi zai yi ya sayo sabo, damina mai zuwa a sake komawa gidan jiya.

Ni abun da nake gaya wa duk wanda ya kawo min wannan kukan shi ne, ranar da ake ruwa mai ƙarfi, in dai babu tsawa da walƙiya, ɗauki lema ka fita tsakar gida ka tsaya ka kalla. Ta ina ruwan yake zubowa, ta tsakiya ne ko ta kusurwa, ta gaba ne ko ta baya wajen bango, shi kuma fayif ɗin da ke sauko da ruwan ƙasa yana fitarwa da ƙarfi ne ko ɗiga kawai yake. Ka ɗauki bidiyo da waya ma in da hali. Domin shi kafinta da rana tsaka yake zuwa bayan komai ya bushe, ba abun da zai gani sai abun da ka gaya masa, in ka ce masa "Malam kawai dai yana yoyo" toh shi ma lalube zai yi, kuma da kuɗinka zai yi laluben.

Mutane ba sa lissafa yawan ruwan da kwano ke tarawa shi ya sa suke raina maganar. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce cif. Rufin gida matsakaici mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 30, lita 3,000 ke nan, durom 15 irin mai lita 200 ɗin nan, kuma a Jos wannan zai iya sauka cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka. Duk wannan ruwan ake so ya bi ta ɗan bakin fayif ɗaya ko biyu.

In ka ga indararon ya cika maƙil tun daga farko har ƙarshe yana zuba ta ko'ina, fayif kuma ɗan tsiyaya kawai yake, toshewa ce, kuma ita ce ta fi yawa nesa ba kusa ba. Abun yana farawa ne tun hunturu lokacin da ba wanda ke tuna akwai wani abu wai shi indararo. Daga Nuwamba zuwa Maris ƙura na sauka a kan kwano, ganyen mangwaro da na fiya da na itacen turare suna kakkaɓewa su faɗa ciki, iska ta kawo ledar fiya wata, tsuntsaye su yi sheƙa daidai bakin fayif saboda nan ne lungu, ƙwallon yara ma ana samu. Ruwan farko na Afrilu sai ya wanko duk ƙurar nan ya kwaɓa ta da ganyen. In ka hau ka leƙa za ka ga abun baƙi ƙirin kaman kwaɓin ƙasar gini, yana wari, da tsutsotsi a ciki, wani wurin har ciyawa ta tsiro ta yi saiwa tana riƙe da taɓon, in ka ja ta sai ta taso da dunƙule guda. Masu kwanon nan mai yashi-yashi a jiki, irin su Gerard, su kuma akwai ƙarin tsakuwoyin da ke zubowa daga jikinsa musamman yana sabo, suna kwanciya a ƙasan indararon su yi nauyi.

Gyaran wannan ba ya cin ko sisi. Ka yanka gorar roba ta zama ludayi, ka sa safar hannu ko ko leda ce ka ɗaura, ka fara kwasa daga bakin fayif kana yin baya, kana zubawa a bokiti. Kar ka tura dattin cikin fayif da sunan ruwa zai wuce da shi, a gwiwar fayif ɗin zai je ya tsaya kuma can ya fi wuyar cirewa. In ka gama sai ka kwara bokitin ruwa daga can ƙarshe ka ga ko zai fito ƙasa da ƙarfi. In bai fito ba ka ƙwanƙwasa fayif ɗin daga sama zuwa ƙasa, inda ya toshe ƙararsa daban take, ba ta amo. A zura waya mai kauri ko tiyo, in ya ƙi a kwance gwiwar. Daga nan a dunƙule 'yar ragar waya a cusa a bakin fayif ta dinga tare ganye. Amma fa raga ba ta tare ƙura, kar wani ya sa raga ya ce ya huta har abada.

Akwai kuma wanda za ka ga wuri ɗaya ne kawai yake zuba, yawanci tsakiya, kuma ko daga ƙasa ka hango za ka ga wurin ya yi ciki ya lotsa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ka haɗa da jiƙaƙƙen taɓo, ka ga ƙarafan da ke riƙe da shi dole su gaji, balle in an yi tsumulmular su an sa ɗaya nan ɗaya can da nisa. Bai kamata tsakaninsu ya wuce ƙafa 2 zuwa 3 ba. Sannan maganar gangara, wadda ita ce masu aiki da yawa ke yi da ido kawai. Indararo ba a kafa shi a miƙe sambal, sai ya ɗan karkata zuwa wajen fayif, kaman kwatan inci a duk ƙafa 10, kaɗan ne ido ba zai ma lura ba amma ruwa ya sani. Gwajin mai sauƙi ne, bayan an ɗauke ruwa da awa ɗaya ka leƙa, in akwai ruwa kwance toh gangarar ba daidai take ba, wani ma za ka tarar baya ta karkata, ruwan na gudun fayif ɗin. Ka sa kafinta ya ja igiya daga ƙarshe zuwa bakin fayif ya sake kafa ƙarafan a kan igiyar. Kuma kafin ya buga komai ya soka kusa a katakon gaban rufin ya ji, in ya ruɓe ya yi laushi ba abun da zai riƙe, sai an canza shi, in ba haka ba aikin banza za a yi.

Wani kuma indararon fes yake, gangara daidai, amma ruwan tsallake shi yake yi ya faɗo gaba. Wannan ya yi yawa yanzu saboda yayin rufi mai tsini da tsayi da ake yi a sabbin unguwanni, ruwa na gangarowa da gudu, in indararon siriri ne ko an kafa shi ƙasa sosai da bakin kwanon sai ruwan ya wuce ta kansa. Inda ya fi tsanani shi ne kwarin da rufi biyu suka haɗu, ruwan ɓangare biyu ne ke taruwa a layi ɗaya ya feso. A nan mai walda ko mai aikin kwano zai yanka ɗan falle ya kafa a tsaye a leɓen indararon daidai kusurwar ya dinga tare feshin, ko a sa akwatin tara ruwa mai faɗi da fayif nasa na kansa a wurin. In kuma ta baya yake zuba, tsakanin indararo da katako yana bin bango, toh bakin kwanon bai shigo cikin indararon sosai ba, ɗan falle za a zura ƙarƙashin kwanon ya sauko da ruwan ciki. Mahaɗa da ke ɗiga kuwa a wanke, a bari ta bushe sarai, a sa gam ko kwalta ta ciki, ba ta waje ba.

In fayif na fitar da ruwa iya ƙarfinsa amma duk da haka sama na tumbatsa, ƙofar fita ce ta yi kaɗan. Na sha ganin dogon gida, layin ɗakunan haya guda, da fayif ɗaya tal mai inci 3 a can ƙarshe. Mai inci 4 girman ramin bakinsa gaba ɗaya ya kusa ninka na mai inci 3 duk da inci ɗaya ne bambancin a suna, kuma duk tsawon da ya kai ƙafa 30 zuwa 40 yana son nasa fayif ɗin. Yawan gwiwoyi ma na rage gudun ruwa. Sai masu tara ruwa a tanki, kuma mu da yawa muna tarawa don mun san kuɗin da 'yan garuwa ke karɓa in rijiyoyi suka ja baya da rani: in ka haɗa fayif kai tsaye cikin tanki ba ka yi masa hanyar fitar da rara ba, ranar da ya cika ruwan komawa sama zai yi ya fito ta indararo. A huda tankin ta sama a sa fayif ɗin rara mai girman wanda ke shigowa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ɓoyayyen rufi, wanda ake ɗaga bango ya rufe kwanon a zuba indararon siminti a bayansa. Yana da kyau a ido ba musu. Amma na waje in ya cika ƙasa yake zubarwa kowa ya gani, wannan kuwa in leda ɗaya ta rufe ramin fitar, ruwan taruwa zai yi a bayan bango ba wanda ya sani har ya haura ƙarƙashin kwano ya sauka a kan silin, sai dai a wayi gari POP, farar filastar nan ta silin, ya yi taswira ko ya rufto, ga wayoyin wuta a ciki, ga yara suna kwana a ƙasa. Tun ran gini ran zane, in yanzu kake gini ka sa a yi ramukan fita manya kuma fiye da ɗaya, a yi wa simintin gangara, a shafe shi da abun hana ruwa shiga. In an riga an gina, ka sa birkila ya huda bangon sama kaɗan da ramin asali ya sa guntun fayif ya leƙo waje, ranar da ka ga ruwa na fita ta nan ka san na ƙasa ya toshe. Irin wannan rufin duk wata ake duba shi da damina.

Dan Allah maganar hawa. Kar a hau kwano yana jiƙe, kar a jingina tsani a jikin indararon roba, a sami wanda zai riƙe tsanin a ƙasa, a kuma duba inda wayar wuta ta shigo gidan don sau da yawa daidai bakin rufin take bi, tsanin ƙarfe da wayar da ta goge ba sa haɗuwa. Kuma wallahi yana ƙona min rai in ga an kira almajiri ɗan shekara tara ko goma an ce hau ka share a ba ka ɗari biyu. In ba za ka tura ɗanka ba kar ka tura na wani, ka nemi babba wanda ya saba.

Masu haya su ma kar su ce ai gidan ba nawa ba ne, katifarka ce za ta jiƙe kafin mai gidan ya ji labari. Ku haɗu ku share, abun da ya shafi katako da fayif ku kai masa da bidiyon a hannu, "Alhaji ga abun da ke faruwa in ana ruwa", ya fi a tsaya ana musu.

Sai inda ruwan ke zuwa bayan ya sauko. Fayif ɗin da ya ƙare a gindin bango bai yi maganin komai ba, ya dai tattara ruwan ne ya zuba wa harsashin ginin a wuri ɗaya, daga nan fenti ya fara ɓarewa, gansakuka ta hau, filasta ta kumbura, a tsofaffin unguwanni irin su Gangare da Unguwar Rogo inda gidaje da yawa tubalin ƙasa ne aka shafe da siminti kuwa, haka bango ke jiƙewa a hankali har ya zauna. A ja shi aƙalla mita ɗaya zuwa biyu nesa da gini, ya faɗa kwata ko tanki. Kuma ba jikin katangar maƙwabci ba, gidajenmu a manne suke, rigima nawa aka kai gaban mai unguwa a kan bakin indararo kawai. Dattin da ka kwaso ma kar ka juye shi a kwatar layi. Mutanen Rikkos da Gangare ba su manta ambaliyar Yulin 2012 ba, wadda ta ci rayuka ta rushe gidaje, duk wanda ya ga wannan bai kamata ya ƙara wa magudanar ruwa ko leda ɗaya ba. Ganyen da taɓon taki ne mai kyau, a zuba a gindin shuka, ledar a ware.

Lokacin babban shara shi ne ƙarshen Maris kafin ruwan farko, a sake leƙawa bayan an yi ruwa biyu ko uku don su ne ke wanko ƙurar kwano, sannan sau ɗaya a tsakiyar Agusta. Ruwan da ya kwanta a indararo sati ɗaya zuwa biyu ya ishi sauro ya ƙyanƙyashe, kuma daidai saman tagar ɗakin kwana yake. Masu tanki su cire fayif ɗin daga tankin a ruwan farko-farko su bar shi ya zube, sai kwanon ya wanku a mayar, a sa raga a bakin tankin, wanda za a sha kuma a tafasa shi.