Tafiya da Beetle ɗin Kawu, da yadda taimin ya zame mana a hawan dutse

Motar Kawu Volkswagen Beetle ce ƙirar 1969, mai injin 1300 a baya, wanda iska ke sanyaya shi. Ƙarfinta na doki 40 ne, don haka ba a yi mata gaggawa. Da ya ce in raka shi wata doguwar tafiya, ni a sitiyari shi a gefe, na yi murna, domin ba kowa yake ba makullinta ba. Mun fita da sanyin asuba, a miƙaƙƙiyar hanya tana ta gudunta lami lafiya.

Rana ta ɗaga muka shiga yankin duwatsu, nan ta fara nuna hali. Hawan da Kawu ya ce yana cinye shi a giya ta uku, sai da na sauko ta biyu. In na taka totur sai ta yi nauyi, can kuma ta yi harbi ta salansa. Wani warin ƙarfe mai zafi ya riƙa shigowa ta baya. Beetle ba ta da agogon nuna zafin inji, iyakarta fitilar mai da ta caji, saboda haka Kawu ya sa na tsaya, ya zaro sandar auna baƙin mai. Ko riƙe ta bai iya yi ba, ya sake ta a ƙasa.

Wani direban babbar mota da ke hutawa a gefen hanya ya matso, ya leƙa, ya yanke hukunci nan take cewa kabureta ce ta toshe, a kwance a hure ta. Kawu ya yi masa godiya, bai ko kalli kaburetar ba. A ganina an fi zaluntar kabureta a kan duk wani kayan tsohuwar mota. Da inji ya yi tari sai a far mata da sukudireba, alhali sau da yawa laifin na wuta ne.

Muka bar injin ya huce, sannan ya ɓalle maƙalai biyun da ke riƙe da murfin distirbuta, wato na'urar da ke raba wa fulogi wuta, ya zare rota, ɗan abin da ke juyawa a cikinta. Ya ce, "Zo ka gani, ɗana. Juya mini fulin nan a hankali." Ina juyawa yana nuna mini kwantak, wato 'yan ƙarafa biyun da ke buɗewa suna rufewa. Da ƙyar suke rabuwa. Ɗan robar da ke gogar ƙusoshin sandar distirbuta ya cinye, ya bushe ƙayau babu ɗigon giris. Ratar da ya kamata ta zama milimita 0.4 ta tsuke, ko rabin haka ba ta kai ba.

Na ce, "To Kawu, ina ruwan wannan da rashin ƙarfi? Ai wuta tana zuwa."

Ya ce tana zuwa mana, amma a makare. Koyil yana harba wuta zuwa fulogi ne a daidai lokacin da kwantak ya buɗe. In robar ta cinye, sai sandar ta ƙara juyawa kafin ta iya ɗaga shi, wutar ta iso bayan fistin ya riga ya kai sama ya fara sauka. Mai bai gama ƙonewa ba bawul ɗin hayaƙi zai buɗe, ƙarfin da zai tura mota ya fice ta salansa ya zama zafi. Ga inji mai ruwa abin da sauƙi, amma mai iska kan silinda ne ke shan wahalar. Ke nan taimin, wato lokacin da wuta ke isa fulogi, yana zamewa da kansa ko da ba wanda ya taɓa noti. Tsarin nan tsoho ne ƙwarai, tun wajen 1910 Charles Kettering ya fito da shi a Amurka, motoci suka yi ta amfani da shi har aka koma na lantarki a shekarun 1970.

Abin da ya fi nanata mini shi ne jerin aikin: rata tukuna, taimin daga baya, domin duk wanda ya taɓa rata ya taɓa taimin. Ya sassauta sukurun kwantak, ya zura siririn ma'aunin 0.4 har yana wucewa da ɗan ja, ya ɗaure, ya shafa giris ɗan ƙanƙani a sandar.

Daga nan ya ɗauko ƙwan fitila mai waya biyu daga akwatin kayan aikinsa. Ɗaya ya maƙala a kan koyil, wurin da aka rubuta 1, inda wayar distirbuta ke shiga, ɗayar ya taɓa da jikin inji. Muka juya fuli har rota ta fuskanci ɗan tsagin da ke bakin distirbuta, alamar silinda ta ɗaya, tsagin fuli kuma ya zo daidai da layin da ya raba gangar injin gida biyu. Littafin motarsa ya ce wuta ta tashi a digiri 7.5 kafin fistin ya kai ƙololuwa. Wasu Beetle ɗin 10 ne, wasu sifili, wasu ma 5 bayan ƙololuwa, ya danganta da irin distirbutar da ke kai. Na tambaye shi me ya sa lallai sai ta ɗaya. Ya ce wutar injin nan 1-4-3-2 take bi, kuma silinda ta uku ta fi sauran zafi saboda na'urar sanyaya mai ta tare mata iska, shi ya sa kamfani ya ɗan jinkirta mata wuta da gangan. Wanda ya saita da ta ukun ya tura sauran ukun gaba fiye da kima.

Na kunna makulli ba tare da na yi kik ba. Ya sassauta notin da ke riƙe distirbuta da sifana mai lamba 10, ya murɗa ta dama har fitila ta mutu, sannan ya dawo da ita hagu sannu sannu. Fitilar na kawowa ya tsaya cak, ya ɗaure. Direban nan yana tsaye duk wannan lokaci, ya ce shi da kunne yake saita tasa. Kawu ya ce kunne yakan so wutar da ta yi gaba, don a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, ta fi daɗin ji, amma a hau tudu da ita a ji inji yana kas-kas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, kuma wannan ƙarar ita ke huda fistin.

Kafin ya mayar da murfi sai ya cire ɗan tiyon da ke tahowa daga kabureta, ya tsotsa. Farantin da kwantak ke zaune a kai ya motsa, ya sa harshe ya toshe tiyon, farantin ya tsaya inda yake bai koma ba. Irin distirbutarsa da zuƙar iska kaɗai take tura wuta gaba, don haka in tiyon ya tsage, duk saitin da aka yi a tsaye ba zai hana mota sanyin jiki a kan hanya ba.

Kik ɗaya ta tashi. Ragowar hawan a giya ta uku na gama shi, Kawu ya sauke gilashi yana kasa kunne ko zai ji kas-kas, bai ji ba. Bayan mun gangara muka sake tsayawa, ya zaro sandar mai ya riƙe ta a hannu yana gogewa da tsumma. Mun isa masauki da magariba. Washegari da safe, inji na sanyi, ya shiga ƙarƙashinta ya duba bawul ko zafin jiya ya taɓa su. Na silinda ta uku ya ɗan matse, ya mayar da shi milimita 0.15, ya kuma sa sabon kwantak kafin mu kama hanyar dawowa.