Wasiƙa daga Xingping: duwatsun da ke bayan takardar yuan 20

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida,

Da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya kasuwa? Tun da na ɗora hoton duwatsun nan na ƙasar Sin ranar Juma'a ban huta da tambaya ba, har wani ya rantse wai kwamfuta ce ta haɗa shi. To ga yadda aka yi.

Kayana ne suka yi jinkiri a Guangzhou, aka ce in jira kwana 4. Zaman otal ya ishe ni. Yaron da ke mini tafinta ya zaro takardar yuan 20, ya juya bayanta, ya ce, "Alhaji, wurin nan fa akwai shi." Shekara nawa ina ƙirga kuɗin nan, ban taɓa tsayawa na kalli zanen ba. Washegari na hau jirgin ƙasa mai gudu, kafin awa 3 ina tashar Yangshuo a yankin Guangxi, daga nan ɗan taƙi ne zuwa garin Xingping, bakin kogin Li.

Ku cire Zuma da Kwatarkwashi daga ranku. Namu ƙaton dutse ne tsirara, mai sulɓi. Na nan ɗaruruwa ne, kowanne tsaye shi kaɗai kamar an jera rumbuna, kore shar tun daga gindi har kai, gonaki shimfiɗe a tsakaninsu. Abin da ya ba ni mamaki, ashe dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake fasawa a Kalambaina da Ashaka da Malbaza a yi siminti. Asalinsa ƙasan teku ne, ɓawon halittun ruwa da ya taru ya daskare fiye da shekara miliyan 300 da suka wuce. Ruwan sama yana da ɗan tsami saboda iskar da yake kwasowa, sai ya riƙa bin tsagogi yana cin dutsen a hankali, ga zafi ga yawan ruwa a kudancin Sin. Abin da ruwa bai cinye ba shi ne ya rage a tsaye. A 2014 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa yankin cikin wuraren gado na duniya.

Bayan la'asar na tunkari dutsen Laozhai, wanda ke dab da inda jiragen ruwa ke tsayawa. Na raina shi, nake cewa ai na sha hawa Dala. Kuma da sau-cikin kasuwa na je. Matakalar dutse ce mai laima, wata gajera wata har gwiwa, ba ta ƙarewa. Can wajen sama sai ga tsanin ƙarfe kafe a jikin dutse. Nan na tsaya na yi salati, na tattare riga na ɗaure a ƙugu.

Da na dafa dutsen ne na gane bayanin ruwan nan. Jikinsa duk kwari-kwari, kamar an ja yatsu a kan malmala, gefen kuwa kaifi kamar wuƙa. Har yanzu akwai shaida a tafina.

A sama na tarar masu manyan kyamarori sun kakkafa ƙafafunsu a wurare masu kyau, ga hazo ya rufe nesa. Raina ya ɓaci. Wani dattijo ya nuna mini agogo, ya yi alamar in dakata. Da rana ta sauko sai duwatsun suka fito sahu-sahu, na kusa baƙi ƙirin, na bayansa shuɗi, na can ƙurya kamar hayaƙi, kogin ya lanƙwasa a ƙasa yana ƙyalli. Hazon da nake zagi shi ya raba su. Dattijon ya karɓi wayata, ya danna kan sararin sama, ya rage haske. Hoton da kuka gani ke nan. Sauran wajen 60 da na ɗauka da kaina babu na nunawa.

Saukowa ta fi hawa wuya. Duhu ya yi, cajin waya saura kaɗan, da ita nake haska ƙafa. Sai a masauki na haɗa magariba da isha'i, gwiwa na rawa.

Kaya sun shiga kwantena jiya. Don Allah kada wanda ya ba Hajiya labarin tsanin nan sai na dawo.

Naku,
ɗan uwanku daga ƙasar Sin