Godiya ga Waɗanda Suka Tsaya Mana Kan Ciwon Ɗanmu

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi. Yau shekara 2 cif rabon da farfaɗiya ta kayar da ɗanmu na uku, shi ya sa na ce bari in fito fili in yi godiya.

Yana ɗan shekara 2 zazzaɓin cizon sauro ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ya tashi, sai faɗuwa ta biyo baya. Muka ce iska ce, muka yi ta hayaƙi sama da shekara ba mu je asibiti ba. Wannan jinkiri har gobe yana ci mini rai. Yaron da ya iya cewa "Baba, ruwa" ya koma nuna randa da yatsa.

Allah Ya saka wa maƙwabciyarmu, ma'aikaciyar jinya a nan Argungu. Ita ta fizge cokali daga hannuna ina shirin cusa masa a baki, ta kwantar da shi ta gefe, ta ce in riƙa duba agogo, in jijjigar ta wuce minti 5 a ruga asibiti. Ita ce kuma ta matsa mana muka tafi Sakkwato.

Likitar yaran da ta duba shi, ba ni da bakin gode mata. Bayan an jera masa wayoyi a ka an yi gwajin ƙwaƙwalwa, ta zaunar da mu ta yi mana bayani da Hausa. Ta ce kafin yaro ya cika shekara 6 ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girmanta, a lokacin ne take ƙulla hanyoyin magana da riƙe abu. Farfaɗiya kuwa hargitsewar saƙonnin lantarki ce a cikinta, idan tana yawan dawowa sai ta riƙa katse wannan gini. Ta ɗora shi kan maganin farfaɗiya mai suna Epilim, ta ja mana kunne kada mu kuskura mu tsayar da maganin da kanmu.

Malamin ajinsu, na gode da ka tara yara ka faɗa musu ba a ɗaukar ciwon ta yawu. Yanzu suna cin abinci kwano ɗaya da shi. Yaya, kuɗin mota da na magani, Allah Ya mayar maka da ninkinsu.

Sai maiɗakina, wadda ko rana ɗaya ba ta tsallake maganin safe da na dare ba.

Har yanzu yana bayan sa'o'insa a karatu, amma daren jiya ya karanta mini Fatiha daga farko har ƙarshe. Wata mai zuwa za mu koma ganin likita, a sa mu a addu'a.