Yadda na koya wa matasa biyu aikin ɗakin ido a Kumasi

Ni nas ɗin ido ce, a asibitin koyarwa na Korle Bu da ke Accra na yi karatu. Da na dawo Kumasi na tarar likita sau biyu kawai yake zuwa asibitinmu a mako, benci kuwa ya cika tun bayan asuba. Rabin yinina yana tafiya a gwajin gani da ɗiga magani, mai ciwo na gaske yana zaune yana jira.

Sai na nemi izini na ɗauko matasa biyu daga unguwar Aboabo, mace da namiji, sun gama sakandare. Na ja layin fenti a ƙasa, mita 6 daga allon gwaji. Tsofaffinmu da yawa ba su yi boko ba, don haka allon harafin E muke amfani da shi, mutum ya nuna da hannu inda ƙafafun harafin suka fuskanta. A fara da idon dama. A rufe ɗayan da tafin hannu, domin ta tsakanin yatsu ake leƙe. Kafin wata uku sun ƙware, kuma suna yi wa mutane bayani da Hausa da Twi, har tsohuwa ta saki jiki ta faɗi abin da ta ɓoye mini, kamar tozalin da ta zuba.

Kuskuren da ya faru nawa ne. Na koya musu aiki, ban koya musu inda aikinsu ya tsaya ba. Wani dattijo ya karanta allo har layin 6/6, wato layin da mai cikakken gani yake iya karantawa, sai yaron ya ce masa, “Baba, idonka garau, sai godiyar Allah.” Har ya saka takalmi zai tafi na tsayar da shi. Na auna ƙarfin ruwan idonsa, ya haura 30, alhali daidai ba ya wuce 21. Hawan jinin ido ne, wanda yake cin gani daga gefe, tsakiya tana nan lafiya, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Ranar muka tura shi asibitin koyarwa na Komfo Anokye.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Washegari na zaunar da su, na ce kalmar “lafiya lau” ba tasu ba ce. Su auna, su rubuta, su kawo mini. Duk wanda ya kai shekara 40, ko a gidansu akwai wanda ya makance, ba ya fita sai an duba ƙarfin idonsa. Dattijon yana zuwa karɓar maganinsa duk wata, yaron ne yake nuna masa yadda zai danne kusurwar ido bayan ya ɗiga.